Kurakuran da muka yi ta maimaitawa a bukukuwan hunturu lokacin annobar korona

Tun ranar 1 ga Disamba, 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da cewa sabon nau'in korona da ake kira Omicron ya shigo Nijeriya, amma a watan nan duk gidan da na leƙa inda ake shirin biki sai in tarar ana tsara abubuwa daidai yadda muka tsara namu a 2020, har da kurakuran da suka ja mana rashin da ba mu gama farfaɗowa daga gare shi ba. Disamba wata ne na taro a wajenmu, domin makarantu suna hutu, ma'aikata suna komawa gida, ana ɗaura aure kusan kowace Juma'a da Asabar, 'yan'uwanmu Kirista kuma suna bikin Kirsimeti da addu'ar daren shiga sabuwar shekara. Ba zan ce wa kowa ya fasa bikinsa ba, don na san ba za a fasa ba. Abin da na gaji da gani shi ne a yi ta kashe kuɗi wajen kariyar da ba ta da tasiri, a bar wadda take ceton rai.

Kuskure mafi girma shi ne kalmar nan da kowa yake furtawa da zarar hazo ya sauko: “Ai murar sanyi ce.” Ni da bakina na faɗe ta. A ranar 21 ga Disamba, 2020 kwamitin shugaban ƙasa na yaƙi da korona da Boss Mustapha, sakataren gwamnatin tarayya na lokacin, yake jagoranta ya ba da shawarar kada taron biki ya wuce mutum 50, mu kuma auren da za a yi a danginmu an sa shi ranar Asabar 26 ga watan a Zariya. Kwana biyu kafin in taso daga Abuja na fara jin ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon kai, sai na sha farasitamol da shayin citta, na gaya wa kaina cewa ƙurar hunturu ce, tunda duk shekara haka take yi mini. Na isa gida, na durƙusa gaban Baffa, wan mahaifinmu, wanda ya haura shekara 70 kuma yake fama da ciwon suga da hawan jini, ya riƙe hannuna ya daɗe yana sa mini albarka. Da ya ji muryata ta shaƙe sai ya ce, “Ɗana, sanyin nan ya taɓa ka, ka shigo ciki ka ji ɗumi.” Na shiga, na zauna a ɗakinsa fiye da awa biyu.

Ranar Litinin na ɗaga kwalbar turare na shinshina ban ji komai ba, a nan gabana ya faɗi. Gwaji ya tabbatar da abin da nake tsoro. Baffa ya kwanta da zazzaɓi kwana shida bayan bikin, aka yi ta yi masa maganin cizon sauro, kafin a kai shi asibiti numfashinsa ya riga ya yi nauyi, kuma a cikin watan Janairu Allah ya karɓi abinsa. Na yi imani da cewa kwana ne ya ƙare, amma imani da ƙaddara bai taɓa hana ni sanin cewa an umarce mu da ɗaukar mataki ba, ni kuma ban ɗauka ba.

Babu wanda zai iya bambance murar hunturu da korona da ido, ko da likita ne, sai da gwaji. Cutar takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, galibi kwana biyar ko shida, kuma mutum yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji alamar komai. Saboda haka dokar da na kafa a gidana ba ta da sassauci: duk wanda yake tari, ko mura, ko zazzaɓi a makon biki ba zai zo ba, ko da shi ne waliyyin amarya, tunda shari'a ta yarda ya naɗa wakili. Wani abin da na lura da shi kuma shi ne kunya ce take kawo marar lafiya wajen taro, yana gudun a ce ya raina dangi. Maganin wannan yana hannun mai gayya. Idan kai ne ka kira mutum, to kai za ka fara ce masa in bai ji daɗin jikinsa ba ya zauna a gida, ba za ka riƙe shi a zuci ba, kuma za ka aika masa da abincinsa da goronsa.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin da sunan girmamawa ake yin sa. Mukan ɗauki tsofaffinmu, waɗanda cutar ta fi yi wa illa, mu zaunar da su a ɗaki mafi ɗumi, mu rufe tagogi, mu toshe ƙasan ƙofa da tsumma, mu ajiye musu kaskon garwashi, sannan mu jera dangi ɗari suna shiga ɗaya bayan ɗaya suna gaisuwa da musabaha tun daga hantsi har bayan isha'i. Haka ɗakin Baffa yake a ranar. Ƙwayar cutar nan a cikin iskar numfashi take yawo, tana taruwa a ɗakin da yake rufe kamar yadda hayaƙin itace yake taruwa a madafin da ba shi da taga, sai dai ita ido ba ya ganin ta. Duk wanda ya shiga ya yi magana ko ya yi dariya ya bar nasa rabon, tsohon da ba ya tashi kuwa shi yake shaƙar na kowa. Shi ma kaskon da kansa haɗari ne, don garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutane a cikin barci ko babu annoba.

Ku ji tsoron Allah ku daina wannan. Sanyin hunturunmu ba wanda bargo da hula da safa za su kasa tarewa ba ne, musamman da rana. A bikin suna da muka yi kwanan baya na sa aka kafa wa Goggo rumfa a tsakar gida, a inda rana take bugawa, aka shimfiɗa tabarmar masu gaisuwa nesa da kujerarta da kamar taku uku, ana shiga mutum uku-uku, a gaisa a tashi. Da farko ranta ya ɓaci, ta ce mini zumunci a ƙafa yake, ba a yin sa daga nesa. Na ce, “Goggo, ku yi haƙuri, ƙafar ce ta kawo mu, hannun kawai muka ajiye.” Da magariba ta yi aka mayar da ita ɗakinta, ba wanda ya bi ta ciki sai jikar da take kwana tare da ita. Na san akwai masu ganin na tsananta, amma ban sake yarda a yi taron da ya wuce mutanen gida a cikin ɗaki ba, kuma ko mutanen gidan ne sai an buɗe taga ɗaya da ƙofa domin iska ta ratsa.

Sauran kurakuran ƙanana ne idan aka gwada su da waɗannan. Na'urar auna zafin jiki da ake ɗora wa mutane a goshi a bakin ƙofa ba ta kama wanda ya sha farasitamol, ba ta kuma kama wanda alamu ba su bayyana masa ba, don haka kada ta ruɗe ka. Fesa magani a kujeru bai kai buɗe taga amfani ba. Takunkumin da aka saukar zuwa haɓa ko aka bar hanci a waje daidai yake da babu. Kwano ɗaya na wanke hannu da mutum ashirin suke tsoma hannu a ciki a bar shi, a zuba wa kowa ruwa daga buta da sabulu. Gwajin da aka yi mako guda kafin biki labarin wancan makon yake bayarwa. Allurar rigakafi, wadda ta fara isowa ƙasar nan a ranar 2 ga Maris, 2021, tana buƙatar kimanin mako biyu kafin ta yi ƙarfi a jiki, saboda haka wanda ya yi ta ana gobe biki bai tsira da komai ba tukuna, kuma tsofaffi ya kamata a fara kaiwa.

A motar haya ni kujerar taga nake nema, in bar gilashi a ɗan buɗe duk da ƙura, takunkumina kuma ba ya sauka sai na sauka. Ga masu zuwa coci a daren 31 ga wata, waƙa da ɗaga murya suna fitar da numfashi fiye da magana, don haka idan ana iya yin addu'ar a filin harabar coci ya fi, tsofaffi kuma su yi tasu a gida. Shinkafar Kirsimeti da maƙwabta suke aiko mana kuwa a ci gaba da aikowa, a ci gaba da karɓa, domin ba ta abinci cutar take bi ba.

Akwai abu ɗaya da ake mantawa bayan an watse. Idan wani ya kwanta a cikin mako biyu da gama biki, iyalinsa sukan ɓoye, su garzaya kemis a haɗa musu magunguna, saboda gudun abin da mutane za su ce. Da na faɗa wa dangi sakamakon gwajina a ranar da ya fito, maimakon in tsaya jiran ganin yadda jikina zai yi, da ba a ɓata kwana huɗu ana yi wa Baffa maganin cizon sauro ba. Yanzu duk taron da aka yi a gidana ina rubuta sunayen waɗanda suka zo, bayan kwana biyar in bi su da waya ina tambayar lafiya, in fara da gidajen da suke da tsofaffi da masu ciwon suga. Wanda na ji yana tari ina gaya masa inda ake gwaji, in kuma nemi izininsa in sanar da waɗanda suka zauna kusa da shi a ranar.