Yadda Ake Shiga Gayyar Gyaran Python da Neman Kuɗin Tafiya

Idan aka rufe taron PyCon US ko EuroPython, wato manyan tarukan shekara-shekara na masu amfani da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ba kowa ke kama hanyar gida ba. Masu kula da harshen Python da sababbin hannu sukan zauna kwana biyu ko fiye suna gyaran kod a teburi ɗaya. Gayya ce, su kuma sifirint suke ce mata. Wasu masu zuwa karon farko tun daga gida suke faɗuwa, saboda rashin shiri.

Fara da kuɗi, domin shi ke da wa'adi. PyCon US a watan Mayu ake yi (2024 da 2025 a Pittsburgh), EuroPython kuma a Yuli, amma ana rufe neman tallafin kuɗin tafiya da masu shirya taron ke bayarwa watanni kafin nan. A fom ɗin, kada ka ce kana son Python, kowa haka yake cewa. Saka adireshinka na GitHub (shafin intanet da ake ajiye kod a yi aiki tare), faɗi aikin da za ka zauna a kansa, sannan ka kawo kasafi na gaskiya: jirgi, masauki, biza. Ka tabbata kwanakin masaukin sun haɗa da na gayyar, saboda da yawa suna yankar tikitin dawowa ranar rufe taro, su rasa abin da ya kai su.

Tallafin nan yawanci mayarwa ne. Kai za ka fara biya, ka ajiye rasidi, a biya ka daga baya, kuma ba lallai ya rufe komai ba. Kuɗin neman bizar ziyara ta Amurka dala 185 ne, ta Shengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai) yuro 90, ba a mayar da su idan an hana ka. Nemi takardar gayyata ranar da aka amince maka. In aljihu bai kai ba, sa ido kan PyCon Africa: an yi shi a Akra a 2019 da 2024, inda ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza.

Sai kwamfuta, kuma nan ne ake asarar yini guda. Kada ka isa zaure sannan ka fara sauke CPython, wato ainihin kod ɗin da aka gina Python da shi. Ma'ajiyar ta kai ɗaruruwan megabait, intanet ɗin wurin kuma jama'a sun yi masa yawa. Mako guda kafin tafiya ka yi fok ɗinta (kwafinka na kanka) a GitHub, ka sauke, ka gina:

`./configure --with-pydebug && make -j4`

A Ubuntu, wani nau'in Linux, ka fara saka `build-essential`, `libssl-dev`, `zlib1g-dev`, `libffi-dev`, `libsqlite3-dev` da `libreadline-dev`. In babu `libssl-dev` misali, ginin zai kammala kamar lafiya lau, sai ka kira `import ssl` ya ƙi. Karanta layukan ƙarshe na `make`, nan yake lissafa abin da bai ginu ba. Daga nan gwada `./python -m test test_json`. Lura da `./` ɗin nan: in ka cire shi, Python ɗin da ke kan na'urarka ne zai tashi, ka yi ta mamakin me ya hana gyaranka aiki. Mai Windows ya yi amfani da `PCbuild\build.bat`, ko da yake ni Linux na fi so a wannan aiki.

A zauren, zaɓi matsala mai alamar `easy` a jerin matsalolin CPython da ke GitHub, ka rubuta a ƙarƙashinta cewa ka ɗauka. Gyaran takardun bayani ko ƙara gwaji ba abin raini ba ne. In ka maƙale rabin awa, tashi ka tambayi mai kula da teburin. Buɗe reshe sabo (branch) a fok ɗinka, fara taken gyaranka da lambar matsalar bayan `gh-`, rubuta bayanin canjin da manhajar `blurb`, ka sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa idan ta fito maka. Ka taho da adaftar soket, filogin Najeriya ba ya shiga na Amurka ko na yawancin ƙasashen Turai.