Darasi na Bakwai: Masu Dashen Ƙoda da Masu Jiran Dashe a Lokacin Annoba

Wanda aka yi wa dashen ƙoda yana rayuwa ne da magungunan da zai riƙa sha kullum har ƙarshen ransa, irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone. Aikinsu shi ne su rage ƙarfin garkuwar jiki, domin jikin ɗan Adam yana ɗaukar sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, kuma idan aka bar shi da cikakken ƙarfinsa zai yaƙe ta har ta lalace. Sai dai garkuwar da aka raunana ita ce dai wadda ake bukata wajen yaƙar ƙwayoyin cuta, shi ya sa da annobar korona ta ɓarke, waɗannan bayin Allah suka kasance cikin waɗanda ta fi yi wa illa.

An tabbatar da shigowar cutar Nijeriya a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a watan Maris aka rufe filayen jiragen sama ga masu shiga da fita ƙasar, sannan a Afrilu aka sa dokar kulle a Kano. Asibitoci a ƙasashe da dama sun dakatar da aikin dashe, musamman wanda ake karɓar ƙodar daga mai rai, saboda an mayar da gadaje da ma'aikata wajen masu korona, kuma likitoci sun ji tsoron raunana garkuwar mutum a tsakiyar annoba. Wannan ya taɓa mu sosai, domin a nan galibi ɗan'uwa ne ke bai wa ɗan'uwansa ƙoda, ko dai a yi aikin a gida, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ya fara dashe a 2002, ko a tafi Indiya. Iyalan da suka sayar da gona ko fili suka haɗa kuɗin tafiya, sai suka wayi gari babu jirgi, kuɗin kuma yana ta zurarewa a wankin ƙoda, wato tace jini da na'ura a madadin ƙodar da ta gaza.

Mai jiran dashe shi ne ya fi ba ni tausayi. An ce kowa ya zauna a gida, amma shi ba shi da wannan zaɓi, domin ƙa'idar wankin ƙoda sau uku ce a mako, kowane zama kusan awa huɗu, a ɗaki guda da wasu marasa lafiya. Idan ya tsallake wanki, ruwa zai taru a jikinsa, ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya yi wuya har ya kasa kwanciya sai dai ya kwana a zaune, sinadarin fotashiyam kuma ya hau a jini, wanda yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Saboda haka, ko annoba ta yi tsanani, kada a fasa zuwa wanki. A sa takunkumin fuska tun daga gida, a riƙe katin asibiti domin nuna wa jami'an tsaro a hanya in an sa dokar kulle, idan kuma akwai tari ko zazzaɓi a sanar da ma'aikatan kafin a isa, don su ware wa mutum wuri.

Kuskure mafi muni ga mai dashe shi ne ya daina shan maganinsa da kansa, wai don garkuwarsa ta farfaɗo. Likita ne kaɗai zai iya rage wani magani, yana yi yana duba jini. Haka kuma kada a sayi maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac a kemis, domin suna cutar da ƙoda, kuma a nisanci jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Ko maganin korona na Paxlovid yana sa tacrolimus ya taru a jini fiye da kima, don haka duk likitan da aka je wurinsa a fara gaya masa cewa, "Likita, an yi mini dashen ƙoda, ga magungunan da nake sha." Gudawa, raguwar fitsari, ko zazzaɓi komai ƙanƙantarsa, duk dalilai ne na kiran asibiti a ranar, domin magungunan dashen suna iya ɓoye zafin jiki alhali cutar tana cin mutum.

Allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya a Maris na 2021, amma an gano cewa jikin masu dashe da yawa ba ya amsa allura biyu yadda na sauran mutane ke yi, abin da ya sa Amurka ta amince da ba su ta uku a Agustan shekarar. Mai jiran dashe ya yi ƙoƙari ya kammala rigakafinsa kafin a yi masa aiki, lokacin da garkuwarsa ba ta sha waɗannan magunguna ba tukuna. Mutanen gida ma su yi tasu allurar, kuma ɗan'uwan da ke mura ya haƙura da zuwa dubiya, ya yi gaisuwarsa ta waya.