Darasi na 9: Ribar da ba ta shigo aljihu ba

To iyayena da 'yan uwa, yau lissafi ne, kowa ya buɗe littafinsa ya riƙe biro.

Mu ce kai mai sayen albasa ne a Marwa. Ka yi alkawari da manomi tun albasa tana ƙasa, buhu 20, kowane buhu sefa dubu 25, zai kawo maka bayan wata 3, kun sa hannu gaban shaidu. Wata ɗaya ya wuce sai buhu ya kai dubu 30 a kasuwa. Ku rubuta: 5,000 sau 20, dubu 100 kenan. Ka ci riba? A takarda dai e, amma laluba aljihunka ka ji, ko dala babu, albasar ma ba a cire ba. Wata na biyu kaya suka cika kasuwa buhu ya dawo dubu 22, yanzu kuma takardar nan tana nuna asarar dubu 60, alhali ba wanda ya karɓi komai a hannunka. Wannan shi ake kira riba ko asarar da ba ta tabbata ba. Sai ran da aka sauke buhuna aka biya sannan ta zama ta gaske. Ita kuma takardar alkawarin, darajarta bin farashin albasa take yi, ya hau ta hau ya sauka ta sauka, irinta masu harkar kuɗi ke ce wa deribatif.

A Amurka akwai kamfanonin zuba jari da sana'arsu ba ƙanana da matsakaitan kamfanoni bashi, ana ce musu BDC, majalisar ƙasar ce ta yi dokarsu a 1980, Ares Capital na cikin manyansu. Littafinsu da dalar Amurka suke rubuta shi, amma wani lokaci sukan ba da bashi da yuro ko fam na Ingila, to tsoron kar kuɗin ya faɗi kafin a biya su sai su ƙulla da banki cewa ran kaza za mu ba ku yuro kaza ku ba mu dala kaza, farashi a yanke tun yau, wannan yarjejeniyar ma deribatif ce kamar takardar albasa. Akwai kuma yarjejeniyar da suke musayar kuɗin ruwa tsayayye da mai hawa da sauka (hukuncin kuɗin ruwa wannan na malamai ne, mu karatun takarda muke koya). Duk wata 3 dole su kai rahoto ga hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari a Amurka, su kimanta kowace yarjejeniya da farashin ranar, bambancin shi ake sawa a layin ribar da ba ta tabbata ba.

Nan ne fa mutane ke ruɗewa. Mutum ya ga asara a layin nan sai ya ce kamfani ya karye. A'a Baba, duba ɗaya gefen tukuna. In yuro ya hau, yarjejeniyar banki za ta nuna asara, amma bashin da suka bayar da yuro shi ma darajarsa ta ƙaru a dala, sai kusan su cinye juna, dama don haka aka ƙulla ta. Mu nan sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 tun 1999, shi ya sa ba ma jin wannan sosai, amma masu kai kaya Mubi bashi da naira sun san zancen, a 2023 naira ta zube, kuɗinsu a littafi cif yake, a wajen ɗan canji kuwa ya zaftare.

Aikin gida: ran sauke albasa buhu yana dubu 27. Nawa ce ribar da ta tabbata a buhu 20? A rubuta da lamba, a kuma rubuta da kalmomi, a kawo ran Asabar.