Darasi na 9: Kayan Lambu a Kwanon Kare da Batun Ciwon Daji

Kare na iya narkar da kayan lambu. Masu kiwonsa da yawa sun ji cewa karas da ganye na tsare shi daga ciwon daji. Maganar tana da tushe, amma an fi ƙara mata gishiri. A wannan darasi za mu ga inda ta samo asali, da yadda ake ba kare kayan lambu ba tare da an cuce shi ba.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 2005 likitocin dabbobi na Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka sun wallafa bincike kan wasu ƙananan karnuka 'yan asalin Sikotilan da ake kira Scottish Terrier. An zaɓe su ne saboda ciwon dajin mafitsara ya fi kama su nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da sauran karnuka. An ɗauki karnuka 92 masu ciwon da 83 marasa shi, aka tambayi masu su abin da suke ci.

Waɗanda ke cin kayan lambu aƙalla sau 3 a mako, haɗarin ciwon ya ragu musu da kusan kashi 70 cikin 100. Koren ganye da kayan lambu masu launin ruwan lemo, musamman karas, su suka fi nuna amfani. Dangin kabeji ba su nuna wani bambanci a fili ba.

Sai dai a lura. Jinsin kare ɗaya ne aka duba, ciwon daji iri ɗaya. Kuma masu karnukan ne suka tuno abin da suka ciyar, mutum kuwa na mantuwa. Wanda ke da haƙurin yanka wa karensa karas, mai yiwuwa ya fi kula da shi ta wasu fannonin ma. Don haka abin da za a iya faɗa shi ne ci da raguwar ciwon sun zo tare. Karas ba ya warkar da ciwon da ya riga ya kama.

Yadda ake shiryawa

Hanjin kare gajere ne, kuma ba ya tauna abinci sosai, haɗiya yake yi. Idan aka ba shi ɗanyen karas gunduwa-gunduwa, za a ga gutsattsarinsa a kashinsa yadda suka shiga. Kaɗan ne jiki ke ƙaruwa da shi. Babbar gunduwa ma tana iya shaƙe ƙaramin kare.

A wanke kayan sosai da ruwa mai tsabta. A yanka ƙanana, a turara su ko a dafa da ruwa kaɗan har cokali ya iya murƙushe su. Karas kan ɗauki minti 10 ko makamancin haka, ganye kuwa minti 2 zuwa 3 ya isa. A daka ko a markaɗa, a bar shi ya huce, sannan a gauraya cikin abincinsa na kullum. Gaurayawar tana da dalili: sinadarin da ke ba karas da kabewa launinsu sai da maiƙo jiki ke shan sa, kuma maiƙon yana cikin abincin. Kada a sa gishiri, ko yaji, ko dunƙulen ɗanɗano, domin yawancinsu akwai garin albasa a ciki.

Karas, kabewa, koren wake, latas da kokwamba duk sun dace. Dankali mai zaƙi ma ya yi idan an dafa, amma yana sa ƙiba, sai a rage hannu.

Nawa za a ba shi

Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce duk wani ƙari a kan cikakken abincin kare kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da yake ci a rana (kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne). Kare mai nauyin kilo 10 yana buƙatar kalori wajen 600, ke nan ƙarin bai wuce 60 ba. Giram 100 na karas yana da kalori 41. Kalori 60 ɗin iyaka ke nan, ba lallai a kai can ba. A aikace, a fara da ƙaramin cokali 1, a duba kashinsa kwana 2 ko 3, sannan a ƙara a hankali zuwa babban cokali 1 ko 2 ga kowane kilo 10 na nauyinsa. Iri ɗaya ake sabawa da shi kafin a kawo wani, don in ciki ya ɓaci a san mai laifi. Zawo da yawan tusa alama ce an yi gaggawa, kuma kabeji ya fi kowa jawo su.

Kare mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwar mafitsara, kada a ba shi alayyafo sai likita ya amince.

Waɗanda ba a ba kare ko kaɗan

Albasa da tafarnuwa da danginsu suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗanye ko dafaffe ko gari. Giram 15 zuwa 30 na albasa ga kowane kilo na nauyinsa ya isa ya yi ɓarna, wato matsakaiciyar albasa guda ga kare mai kilo 10. Kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne alamun ba sa fitowa sai bayan 'yan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu. Inabi da zabibi kan lalata ƙoda. Dankalin turawa ɗanye ko wanda ya yi kore yana da guba. Totuwar masara kuma tana toshe hanji, sau da yawa sai an yi tiyata.

Idan kare yana fitsari da jini, ko yana yawan yunƙuri ba ya fita sai ɗigo-ɗigo, ko an taɓa wani ƙullutu da ke girma a jikinsa, a kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Ciwon dajin mafitsara kan yi kama da ciwon sanyi na fitsari, kuma gwaji kaɗai ke raba su.