Kurakuran da masu darasin yamma da ciyar da yaran talakawa ke ta maimaitawa

Na gaji da ganin mai kyakkyawar niyya ya tara yaran marasa galihu a cikin birni, ya ce zai koyar da su bayan an tashi makaranta kuma ya ciyar da su, kafin a je ko'ina abin ya watse. Kuma kusan kullum rami ɗaya ake faɗawa.

Wanda ya fi ci mini lokaci da kuɗi shi ne raba yara bisa ajinsu na makaranta. Ɗan aji biyar, sai a miƙa masa aikin aji biyar. To, wa ya duba ko yana iya haɗa baƙi? A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi. Yaro ya wuni a aji bai fahimci komai ba, ya zo wurinka da yamma ka sake karanta masa abin da ya fi ƙarfinsa. Azabar kawai ka ninka masa, shi ya sa yake sulalewa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe da nuna mafita: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi yake ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari, sannan a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa. Ni ranar farko nake yin wannan gwajin, in maimaita bayan 'yan makonni. Idan ɗan shekara 12 ya faɗa rukunin 'yan shekara 7, sai in ɗora masa rabon alli, don kada kunya ta kore shi.

Na biyu kuwa haushi yake ba ni: riƙe abinci sai an gama karatu, wai don kada yara su ci su gudu. Haba jama'a! Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da rabonsa da abinci tun safe, wane lissafi zai shiga kansa? A wanke hannu da sabulu, a ci, sannan a buɗe littafi. Wanda ya ci ya gudu, darasinka za ka duba.

Kuma don Allah a bar biskit da lemon kwalba. Sukari ne ya yi musu yawa, alhali abin da yaran nan suka fi rasa shi ne sinadarin ayan (wato sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata) da bitamin A da abinci mai gina jiki. Ƙarancin ayan ke kawo ƙarancin jini, ka ga yaro yana gyangyaɗi ka ce malalaci ne. Ƙwai, wake, ganye da ɗan 'ya'yan itace sun fi amfani nesa ba kusa ba, domin bitamin C da ke cikin 'ya'yan itace na taimaka wa jiki ya tsotsi ayan, shayi a kan abinci kuma yana rage hakan. Ga tsutsar ciki da ake mantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba yara maganinta sau ɗaya a shekara inda ta kama kashi 20 cikin 100 nasu, sau biyu inda ta haura 50. Ta hannun ma'aikacin lafiya, ban ce ka zama likita ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashe shiri. Kada ka yi alkawarin ciyarwa kullum da kuɗin wata guda a hannu, kwana biyu a mako da za su ɗore sun fi. A riƙa kiran suna, yaron da aka rasa sau biyu a bi shi gida. Yarinyar da ta zo da goyon ƙaninta a karɓe ta, in an hana ta ba za ta dawo ba. A tashi kafin duhu. Kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai. Hoton yaro da kwano a hannu kuwa, in ba da yardar iyayensa ba, ka bar wayarka a aljihu.