Wayar ating: kurakuran da ke sa firij ya riƙa jan mutane

Mutane da yawa sun ɗauka ƙasa shanye wuta take yi. Ba haka abin yake ba. Wutar lantarki kullum hanyar komawa inda ta fito take nema, wato tiransifoma, inda aka haɗa wayar nutural, wadda wuta ke bi ta koma, da ƙasa. Idan layif, wato wayar da ke kawo wuta, ya goge ya taɓa jikin firij, wutar sai ta bi ating, wayar kariya da ke haɗa jikin firij da ƙasa, ta koma. In babu ating, jikinka za ta bi, balle kana tsaye ba takalmi a kan siminti mai danshi.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa a bayan ɗaki, a ɗaura mata ating, a ce an gama. Yi lissafi: wutarmu bolt 230 ce. A ce turjiyar sandar da ƙasa, wato yadda suke hana wuta wucewa, ta kai om 50; in an raba 230 da 50, wutar da za ta bi ta ba ta wuce amfiya 4.6 ba. Wannan ba zai ƙona fis mai amfiya 13 ba, don haka firij zai zauna da wuta a jikinsa, ba wanda ya sani. Maganinsa a sa RCD, na'urar da ke yanke wuta da kanta, mai miliamfiya 30. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi sai ta yanke. A riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci.

Sai masu haɗa nutural da ating a cikin soket don tsimin waya. Ranar da nutural ya tsinke a hanya, duk ƙarfen da ke jone zai ɗauki wuta. A ja waya ta uku, mai kore da rawaya, har allon rabon wuta.

Kada a ɗaura ating a bututun ruwa, yawancinsu yanzu roba ne. Kada kuma a karya doguwar ƙafar fulogi, wadda ita ce ta ating, ko a cusa tsirarar waya da tsinken ashana.

Gishiri da gawayi da ake zubawa a ramin sandar suna taimakawa da farko, amma gishirin yana cin ƙarfe. Gara sandar ta yi zurfi ta tarar da danshi, kuma a kira mai gyaran wuta ya auna ta da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau.