Yadda Ake Haɗa Labaran Tsofaffin Abokan Karatu

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai a Kaduna kan so fitar da 'yar takarda sau ɗaya ko biyu a shekara: wa ya sami ƙarin girma, wa ya yi ritaya, wa ya aurar da 'ya, wa ya riga mu gidan gaskiya. Ƙa'idar aikin guda ce, kowane labari ya fito daga bakin mai shi ko iyalinsa. Ji-ta-ji-ta ita ke ɓata zumunci.

A fara da jerin sunaye, daga littafin bikin yaye ɗalibai ko daga hannun tsohon wakilin aji. A gaban kowane suna a rubuta sashe, lambar rajista da laƙabin makaranta, domin a aji guda sai ka sami masu suna iri ɗaya har uku, mata da yawa kuma sun koma amsa sunan miji. Sai a tsayar da magana kan shekara: ta shiga ake nufi ko ta fita? Yajin aikin ASUP (ƙungiyar malaman kwalejojin kimiyya da fasaha) na 2013 zuwa 2014 da na ASUU (ƙungiyar malaman jami'o'i) na wata takwas a 2022 sun sa lissafin ya goce wa mutane da dama. 'Yan Kadpoly (Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna) suna da ƙarin aiki, don wani ya yi ƙaramar difloma (ND) ya tafi, wani kuma babbar difloma (HND) kawai ya zo yi, ga harabobi a Tudun Wada, Unguwar Rimi da Barnawa waɗanda ɗalibansu ba lallai su san juna ba. Kowace haraba a ba ta nata mai tattarawa.

Kada a ba mai tattarawa ɗaya fiye da mutum 15 zuwa 20. Saƙon da aka jefa a zauren WhatsApp masu baki ne kaɗai ke amsa shi, don haka a kira mutum, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a shiga magana: ina yake zaune, me yake yi yanzu, me ya sauya tun bara, kuma me ya yarda a buga. Wanda rubutu ke ba wuya ya turo saƙon murya. Mako uku ya isa. In aka ja abin, sai ya shiririce.

Wajen muƙami ne aka fi yin tuntuɓe. Muƙaddashin darakta ba darakta ba ne, wanda sunansa ya fito a jerin ƙarin girma kuma bai hau ba sai takarda ta zo hannunsa. Kada a lissafa wa kowa ritaya don an ga ya cika shekara 35 yana aiki ko 60 da haihuwa, tunda malaman manyan makarantu da alƙalai nasu wa'adin daban ne. Laƙabin Injiniya na wanda COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ta yi wa rajista a wannan matsayi ne, Dakta kuma a tambaya na asibiti ne, na digiri na uku ne, ko na girmamawa. Sarauta a rubuta ta cikakkiya, tare da masarautar da ta naɗa.

Labarin rasuwa ba ya shiga sai an ji daga ɗan gida. A sa shi a shafin farko, a kuma lura cewa ajin Kaduna da wuya ya rasa Musulmi da Kirista, kowa a yi masa ta'aziyya da lafazin addininsa.

Mutuwar aure, jinya, bashi da shari'a ba sa shiga sai mai su ya nema. Adireshin gida, lambar waya da makarantar yara kuwa kada a sa ko da an yarda. Takarda in ta fita ba a san hannun da za ta faɗa ba, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Kowa a ba shi kalma 40 zuwa 60, a jera sunaye bisa haruffa. Wannan ne maganin takardar da ke zama ta manya zalla. Akwai waɗanda suka yi aiki a masaƙun Kakuri har aka rufe, yau wani na da shago a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wani ya koma noman masara ko citta. Irinsu ne ke yin shiru don kunya, su kuma ya kamata a fi bi da waya. “Yana sayar da kayan wuta, ya yaye yara huɗu a sana'ar” labari ne cikakke.

Kafin a fitar, a tura wa kowa nasa sakin layi, a ba shi kwana uku ya gyara. Wanda bai amsa ba a bar sunansa da garin da yake kawai. A rage nauyin hotuna don takardar ta buɗu a ƙaramar waya, a buga kwafi kaɗan na hannu saboda tsofaffin malamai da iyalan mamata.